Kwana uku kacal a Istanbul tare da Hajiyata: ta ina zan fara?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Istanbul. In Allah ya yarda wata mai kamawa za mu yada zango a can, ni da mahaifiyata da maiɗakina. Za mu sauka Asabar da daddare, mu tashi Laraba da asuba, ka ga abin da ke hannunmu Lahadi ne da Litinin da Talata. Na rubuta wurare goma sha uku da nake son mu gani. Lahadi: babbar kasuwar nan mai rufi, hasumiyar Galata, titin Istiklal. Litinin: Aya Sofiya, masallacin Sultan Ahmad, tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, masallacin Sulaimaniyya, da yawon jirgin ruwa. Talata: fadar Topkapi, fadar Dolmabahce, kabarin Abu Ayyub, tsibiri, da sabon masallacin Camlica. Hajiya ta haura saba'in kuma gwiwa na damunta, amma ta daɗe tana burin wannan tafiya. Tambayata biyu ce. Wannan tsari zai yiwu? Sannan tasi za mu riƙa ɗauka, ko jiragen cikin gari sun fi?

Dan_Fatake:
Wa alaikumus salam. Malam tun kafin a je ga gwiwar Hajiya, ranakunka ba su zauna daidai ba. Babbar kasuwa ba ta ci ran Lahadi, ƙofofinta a kulle za ka tarar. Fadar Topkapi kuma Talata ce ranar hutunta. Dolmabahce Litinin take rufe, ita ka sa ta daidai. Juya su kawai: Topkapi Lahadi ko Litinin, kasuwa Litinin ko Talata.

Abban_Sadiq:
Kai, Allah ya saka da alheri. Da na kai Hajiya ƙofar fada ran ƙarshe mu tarar a rufe, ban san da wane ido zan dube ta ba, don ɗakin kayan tarihin Annabi (SAW) shi ne babban abin da take ambata.

Ummu_Hanifa:
Abban Sadiq, zan faɗa maka gaskiya a matsayin wadda ta je da tsohuwa. Goma sha uku ya yi yawa. Ko kai kaɗai ne da ƙafarka lafiya, rabinsu a guje za ka wuce su. Ni na je da surukata, shekarunta kusan na Hajiyarku. Ranar farko muka yi wuri huɗu, rana ta biyu ƙafarta ta kumbura, a ɗaki ta wuni tana shafa man zafi. Mun ci riba a rana ɗaya mun yi asarar guda. Garin nan tuddai ne, kuma tsohon gari titunansa na duwatsu ne da aka jera, ƙafa ba ta sauka daidai. A taswirar waya za ka ga tafiyar minti goma, amma taswira ba ta gaya maka cewa minti goman nan hawa ne. Ka zauna da Hajiya ka tambaye ta uku da idan ta gan su hankalinta ya kwanta. Su ne tafiyar. Sauran duk ƙari ne, in an samu an gode Allah.

Matafiyi77:
Ni ban yarda a rage har haka ba. Kuɗin jirgi da biza ba wasa ba ne, ba kullum mutum ke samun zuwa ba. Aya Sofiya da Sultan Ahmad suna kallon juna, fili ɗaya ne tsakaninsu. Ma'ajiyar ruwan tana tsallaken titi. Ƙofar Topkapi tana bayan Aya Sofiya. Huɗu ke nan a waje ɗaya, ba ka hau komai ba. Ni da abokina mun gama su kafin la'asar.

Ummu_Hanifa:
@Matafiyi77 kai da abokinka shekarunku nawa? Topkapi kaɗai farfajiya huɗu ce a jere, daga ƙofar farko zuwa ta ƙarshe tafiya ce mai kyau, ga layin shiga ɗakin amanoni, wato na kayan tarihin Annabi (SAW). Awa uku muka yi ciki kuma ba mu shiga ɓangaren matan sarki ba.

Matafiyi77:
Na karɓi wannan, Hajiya. Amma a raba aiki mana. Idan tsohuwa ta koma ta huta bayan azahar, shi da iyalinsa su fita. Ba dole kowa ya ga komai tare ba.

Injiniya_Bello:
Bari in amsa tambaya ta biyu tunda ita aka bari. Cikin tsohon gari kada ka dogara da tasi. Birni ne mai mutum sama da miliyan 15, kuma cunkoson yamma a kan gadoji abin mamaki ne. Abin da zai cece ka shi ne tiram mai lamba T1. Jirgi ne da ke bin tsakiyar titi, ƙasansa daidai yake da dandamalin tasha, babu matakala, tsohuwa za ta shiga ba tare da ɗaga ƙafa ba. Daga Kabatas yake tasowa, ya bi Karakoy, ya haye gadar Galata zuwa Eminonu, Sirkeci, Gulhane, Sultanahmet, Cemberlitas, Beyazit inda babbar kasuwa take, ya wuce Laleli da Aksaray. Dubi jerin nan ka dubi takardarka, fiye da rabin wurarenka suna kan layin nan guda.

Kati ɗaya ake amfani da shi, sunansa Istanbulkart. A na'urorin da ke bakin tasha ake saye, a nan kuma ake zuba masa kuɗi. Da shi za ka hau tiram, jirgin ƙarƙashin ƙasa, bas, har jirgin fito. Ka riƙe ƙananan takardun lira saboda zuba kuɗin, yana saukaƙa abu. Ka guji tiram tsakanin biyar zuwa bakwai na yamma idan kana tare da Hajiya, lokacin ma'aikata ke tashi, mutum ko juyawa ba ya iya yi.

Abu ɗaya da ke ɓatar da baƙi: a kan layin nan akwai tasha mai suna Topkapi. Ba ita ce ta fada ba. Wata unguwa ce can wajen tsohuwar ganuwar gari. Fada a Gulhane ko Sultanahmet ake sauka.

Hauwa_Jidda:
Wallahi wannan ya faru da ni. Na ga sunan a allo na zauna daram har muka yi nisa, na sauka ina neman fada sai ganuwa na gani da manyan tituna. Wata dattijuwa ce ta fahimci abin da nake nema, ta kama hannuna ta tsallakar da ni ɗaya ɓangaren, ta nuna min da yatsu tasha nawa zan ƙirga. Awa guda ta tafi a banza. Amma ganuwar ita ma abin kallo ce, tun ƙarni na 5 aka gina ta, kuma ta wajen nan ne rundunar Muhammad Al-Fatih ta shiga garin a 1453.

Abban_Sadiq:
@Injiniya_Bello na gode ƙwarai, na kwafe saƙonka gaba ɗaya. To daga filin jirgi fa? Na ji an ce akwai jirgin ƙasa.

Injiniya_Bello:
Fara duba tikitinka tukuna, filin jirgi biyu ne. IST shi ne sabon babba, yana ɓangaren Turai, kusan kilomita 40 daga tsohon gari. SAW shi ne Sabiha Gokcen, yana ɓangaren Asiya. Dukansu jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai, M11 a na farko, M4 a na biyu. Amma daga IST zuwa Sultanahmet sai ka canza jirgi, kuma tsakanin layi da layi akwai doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Da jakunkuna, da dare, da tsohuwa, ban ba ka shawara ba. Ka ce masaukinku ya turo mota, ku yi ciniki tun kafin ku taso. Haka ran Laraba da asuba, lokacin jiragen ba su fara aiki ba.

Nas_Rabi:
Ƙari a kan wannan: ka nema wa Hajiya keken turawa a wurin kamfanin jirginku tun kwana biyu ko uku kafin tafiya. Sabon filin nan girmansa ya wuce misali, daga inda jirgi ya tsaya zuwa wajen duba fasfo ana iya shafe minti ashirin ana tafiya. Kada ta ƙarar da gwiwar tun kafin ta ga garin. Tsofaffi da yawa ba sa so, suna ganin kamar an mai da su marasa lafiya ne, sai ka lallaba ta. Maganinta kuma ya kasance a jakar hannu, da takalmi mai taushin ƙasa wanda ta riga ta saba da shi, ba sabo ba. Kuma ya zama mai sauƙin cirewa, don a kowane masallaci za a cire.

Alhaji_Maikano_Baba:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifiyarka. Mu da muka taso da sunan Santambul muka san garin, a bakin malamai muke jin sa. Na je sau biyu. Idan ka tambaye ni, wurin da za ka fara kai ta shi ne Ayyub Sultan. A nan kabarin Abu Ayyub Al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda, sahabin da taguwar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina, ya sauke shi a gidansa har aka gina masallaci. Da tsufansa ya fito yaƙi har bakin ganuwar wannan gari, a nan ya rasu. Bayan an ci garin aka gina masallaci a wurin. Ni da na tsaya a farfajiyar, akwai wata tsohuwar bishiya babba a tsakiya an kewaye ta da ƙarfe, tattabaru ko'ina, na tuna cewa mutumin da ke kwance a nan ya ci abinci da Annabi, sai na kasa riƙe hawaye. Ku je da sassafe, kafin jama'a su cika. Ƙasar wurin a shimfiɗe take, ba hawa.

Abu_Maryam:
Allah ya saka wa Baba. Tunatarwa kawai, idan an je a yi sallama a yi masa addu'a kamar yadda aka koyar a ziyarar kabari, roƙo kuma Allah kaɗai ake roƙo. Na ga abubuwa a wurin da ba su yi min daɗi ba.

Alhaji_Maikano_Baba:
Haka ne Malam, ba mu ce wani abu daban ba.

Sarkin_Zaure:
Jama'a, an yi tunatarwa an karɓa, a tsaya nan don Allah. Bawan Allah hanya yake tambaya.

Injiniya_Bello:
Hanyar Ayyub mai sauƙi ce yanzu. Daga Eminonu akwai tiram T5 da ke bin gefen ruwa, a sauka Eyupsultan. Akwai kuma ƙaramin jirgin fito da ke bin mashigin ruwan da tiram ɗin ke bi ta gefensa har can, sai dai shi ba ya yawan tashi, a duba lokacinsa.

Zainabu_Abu:
Ni jirgin fito nake so in yi magana a kai, don ina ganin shi ne amsar matsalar Abban Sadiq gaba ɗaya. Kana neman yadda tsohuwa za ta ga gari ba ta wahala ba? Zaunar da ita a jirgin da ke tashi daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy. Ba na 'yan yawon buɗe ido ba, na mutanen gari masu zuwa aiki, da katin nan ake shiga. Kwata zuwa minti ashirin ne. Ku zauna a benci na waje ta baya. Jirgi na barin gaɓa sai garin ya buɗe a gabanku, Topkapi a kan tsauninta, ƙubbar Aya Sofiya, hasumiyoyi shida na Sultan Ahmad, Sulaimaniyya a can sama, Galata ta ɗaya hannun. Abin da za ka kwana biyu kana bi da ƙafa, ga shi a kallo ɗaya. Ana sayar da shayi a cikin jirgin a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, yara na jefa wa tsuntsayen teku gutsuren burodin simit suna cafewa a iska. Mu mun dawo ana kiran magariba, masallatan gaɓa biyu suna amsa wa juna a kan ruwa. Mahaifiyata har yau idan aka ce Istanbul wannan take ba da labari, ba ta ambaton fada ko ɗaya. Kuma kun taka Asiya kun dawo Turai, an cika wannan burin ma.

Matafiyi77:
Jirgin ƙasa na Marmaray ya fi sauri, ta ƙarƙashin teku yake bi, daga Sirkeci zuwa Uskudar minti huɗu. Tun 2013 yake aiki.

Zainabu_Abu:
Ya fi sauri, amma me za ta gani a cikin rami? Kuma tashar Sirkeci tana da zurfi sosai, kafin ka sauka ka hau minti huɗun sun zama sha biyar. A tafi ta ruwa. In dare ya yi ko iska ta taso a dawo ta ƙasa.

Dan_Fatake:
Tsibirin nan dai ka cire shi, Malam. Buyukada kusan awa ɗaya da rabi ne zuwa, haka dawowa, wuni guda yake ci. Haka dogon yawon Bosforus, wato mashigin tekun da ya raba ɓangaren Turai da na Asiya, da ke kaiwa kusa da Bahar Aswad, shi ma wuni ne. Akwai gajere na kamar awa biyu, in lallai kana son ganin gadoji da gidajen bakin ruwa shi za ka hau. Ka sayi tikiti a tagar tashar jirgi, ka rabu da masu tare mutane a hanya suna ɗaga hotuna.

Maman_Ikram:
Tunda an zo maganar kasuwa, ni ina ganin babbar kasuwar nan ta kallo ce, ba ta sayayya ba. Shaguna wajen dubu huɗu, tituna sama da sittin duk a rufe da rufi, kana shiga ka ɓata. Kyau kam akwai kyau, amma farashin baƙi ne. In maiɗakinka kaya take so na sawa, Laleli tana gaba da tasha ɗaya, ko ku gangara ta Mahmutpasa inda mutanen gari ke saye, gangaren zai kai ku har kasuwar kayan ƙamshi a Eminonu. Ita wannan tana buɗewa har Lahadi. Ƙarama ce, Hajiya za ta iya ratsa ta ba gajiya.

Hajiya_Turai:
Laleli yawancinsu 'yan sari ne, wasu shagunan ba sa sayar da ɗaya ɗaya. Kada ta je da niyyar riga biyu ta sha kunya.

Maman_Ikram:
Gaskiya ne, amma ana samun masu sayarwa in an tambaya. Ni dai gangaren Mahmutpasa na fi ba su shawara.

Sarkin_Zaure:
Masu son zancen sari akwai zauren kasuwanci, a kai shi can.

Malam_Tarihi:
Ina so in gyara wani abu game da Aya Sofiya don kada ku je da tsohon labari. An kammala ginin a shekarar 537 zamanin sarkin Rumawa Justiniyan, a matsayin coci. Ya zama masallaci bayan 1453, aka mai da shi gidan tarihi a shekarun 1930, aka dawo da shi masallaci a Yulin 2020. Daga farkon 2024 aka raba shiga biyu: mai yawon kallo yana sayen tikiti ya hau bene na sama ta wata ƙofa daban, mai sallah kuma yana shiga ƙasa. Hawan benen nan wata karkatacciyar hanya ce ta duwatsu masu santsi, ba zan so tsohuwa mai ciwon gwiwa ta bi ta ba. Ku yi alwala ku je sallar azahar ko la'asar, ku shiga cikin masallata. Bayan sallama ku ɗan zauna ku ɗaga kai. Ƙubbar ta fi mita 50 daga ƙasa, ga manyan faya-faya takwas masu rubutun zinare, sunan Allah, na Annabi (SAW), halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Tun da tsarin shiga yana canzawa, ku tambayi masaukinku da kun sauka.

Sultan Ahmad shi an fara shi 1609, kusan shekara dubu da ɗari tsakaninsa da maƙwabcinsa. Shiga kyauta ne, ana dai tsayar da masu kallo a lokutan sallah.

Amma in da za a ce in zaɓi masallaci ɗaya, Sulaimaniyya zan zaɓa. Aikin Sinan ne, babban maginin daular Usmaniyya, daga 1550 zuwa 1557. Ba cunkoso kamar na Sultanahmet, ciki fili ne da haske, ana iya zama a jingina da ginshiƙi a huta. Kabarin Sultan Sulaiman yana bayan masallacin, shi kuma Sinan nasa ɗan ƙarami ne a wata kusurwa a waje, mutane na wucewa ba su lura ba. Ta bayan farfajiyar akwai wani dandali da ake hango ruwa da gadar Galata. Wannan shi ne wuri ɗaya da zan ce ku hau tasi, saboda a kan tudu yake. A hau da mota, a gangaro da ƙafa a hankali.

Dan_Fatake:
Tasi kuma ka tabbata ya kunna mita kafin ya motsa. Wani ya taɓa ɗaukata daga bakin ruwa, ya ce mitarsa ta lalace, muka isa ya faɗi kuɗin da ya ninka uku. Wani salon kuma, ka miƙa babbar takarda ya sauya ta da ƙarama cikin ƙiftawar ido ya ce ita ka ba shi. Ka riƙa faɗin adadin da baki kana miƙawa. Mafi sauƙi ka kira ta manhajar waya, ko masauki ya kira maka. Ba duka ne haka ba, na haɗu da direban da ya biyo ni da jakar da na manta.

Sadiya_M:
Da masu goge takalmi a gadar Galata. Zai wuce ta gabanka burushinsa ya faɗi kamar bai sani ba. Kai kuma da kirki ka ɗauka ka miƙa masa, sai ya ce don godiya sai ya goge maka, yana gamawa ya tsaya kan sai ka biya. Mijina ya faɗa ciki. In ka ga burushi ya faɗi ka wuce abinka. A cikin tiram kuma jaka ta dawo gaba, fasfo a bar shi a masauki a riƙe hotonsa a waya.

Ummu_Hanifa:
Kada dai a tsorata shi. Mutanen garin suna girmama tsofaffi sosai. Ba mu taɓa shiga tiram surukata ta tsaya ba, kafin ta kama ƙarfe wani saurayi ya miƙe yana cewa "teyze", wato kamar ka ce inna, yana nuna mata kujera.

Abban_Sadiq:
Na karanta komai, Allah ya biya ku. Jiya da daddare na zauna da Hajiya kamar yadda Ummu Hanifa ta ce. Ko tunani ba ta yi ba: Abu Ayyub, ɗakin amanoni, da sallah a Aya Sofiya. Da na karanta mata saƙon Zainabu sai ta ce a ƙara mata jirgin ruwan. To yanzu Dolmabahce da Galata da Camlica fa? Raina bai so in bar su.

Hajiya_Turai:
Dolmabahce kada ka bari! Ni duk garin ba abin da ya burge ni kamarta. An gama ta 1856, sarakunan suka baro Topkapi suka koma can. Akwai wata fitilar lu'ulu'u a babban zaure mai nauyin tan huɗu da wani abu, matakala ma da ƙarau aka yi mata dogarai. A nan Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, ya rasu a 1938, agogon ɗakin yana tsaye a tara da minti biyar. Daga Kabatas, ƙarshen tiram, 'yar tafiya ce kaɗan.

Malam_Tarihi:
Kyakkyawa ce, ba musu. Amma salon fadojin Turai aka bi, wanda ya ga irinsu a wani wuri ba zai ga sabon abu ba. Topkapi ita ba ta da ta biyu. Kuma a Dolmabahce hanya ɗaya ake bi daga farko har ƙarshe, da hawa bene, babu wurin zama a tsakiya. Fada biyu a kwana uku da tsohuwa, na ga ya yi nauyi.

Hajiya_Turai:
To shi da matarsa su je Talata da rana mana, kamar yadda Matafiyi ya kawo. Ba kowa ne ya ga fadojin Turai ba, Malam.

Matafiyi77:
Yawwa. Galata ma haka za su yi. Kada ku hau tudun da ƙafa daga Karakoy. Akwai ɗan jirgin rami da ake kira Tunel, tun 1875 yake aiki, minti biyu ya kai ku sama, bakin titin Istiklal. Daga nan hasumiyar gangare ce. Mutanen birnin Jenowa na Italiya suka gina ta a 1348. Layin hawa kan yi tsawo da yamma, in kun ga ya yi yawa ku kalle ta daga ƙasa ku wuce, tunda kun riga kun hango gari daga Sulaimaniyya.

Nas_Rabi:
Ni damuwata barin Hajiya ita kaɗai a ɗaki a garin da ba ta jin yarensu. In za ku fita, ku bar mata waya mai layi da caji, da katin masaukin, ku gaya wa na kan kanta cewa akwai tsohuwa a sama. Kuma kada ku wuce awa uku.

Ummu_Hanifa:
Kuma a tambaye ta ko tana so a bar ta. Surukata cewa ta yi gara ta zauna a benci a filin Sultanahmet tana kallon mutane da maguna da ta kwanta a ɗaki. Mun bar ta da jikarta wajen maɓuɓɓugar ruwan nan da ke tsakanin masallatan biyu, muka shiga ma'ajiyar ruwa muka fito. Ita ma'ajiyar sai an sauka matakala, ciki duhu-duhu da danshi, ginshiƙai 336 tsaye cikin ruwa. Mu mun ji daɗinta, amma ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne.

Alhaji_Maikano_Baba:
A ɗakin amanoni kada ku yi gaggawa ko da na baya na turo ku. Sultan Salim ne ya fara kawo kayan bayan ya ci Masar a 1517. Akwai takubba da baka da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbai, da tsofaffin makullan Ka'aba, mayafin Annabi (SAW) kuma yana cikin akwati, daga nesa ake hangensa. Akwai mai karatun Alƙur'ani a zaune a gefe, ana karɓa-karɓa ba a yankewa. Ku isa ƙofar fada kafin a buɗe, ku wuce can kai tsaye kafin ayarin masu jagora su iso, sauran ɗakunan ku gan su a dawowa.

Injiniya_Bello:
Abin da ba a tambaya ba kuma shi ya fi komai tasiri: a ina masaukinku yake? In kun kama a Taksim ko wata unguwa mai nisa, kullum sai kun kashe awa biyu a hanya. Ku nemi tsakanin Sirkeci da Sultanahmet, kusa da layin tiram. Ka tambaye su abu biyu a rubuce: akwai lifta, kuma titin ƙofarsu hawa ne ko shimfiɗe? Ƙananan otal da yawa a tsohon gari tsofaffin gidaje ne masu ƙunƙuntar matakala. Waɗanda ke gangaren bayan Sultan Ahmad ta wajen teku suna da kyau a hoto, amma duk fita sai an hau tudu.

Abban_Sadiq:
Wanda na kama yana ta wajen Sirkeci, na rubuta musu yanzu game da lifta. Ga yadda na mayar da shi: Lahadi da safe Topkapi, mu yi azahar a Aya Sofiya, Hajiya ta huta. Litinin da sassafe Abu Ayyub, mu dawo Eminonu, da yamma jirgin Uskudar. Talata Sulaimaniyya da kasuwa. Tsibiri na cire. Dolmabahce da Galata na sa musu alamar tambaya.

Dan_Fatake:
Lahadi Topkapi na cika da mutanen gari, ga shi kun sauka da dare kun gaji. Ni da zan juya, Abu Ayyub Lahadi, fada Litinin.

Zainabu_Abu:
Ayyub ma Lahadi cike yake, iyalai ke zuwa da yara. Ko ta ina akwai jama'a, sammako ne kawai maganin.

Matafiyi77:
Camlica fa? Tunda za ku Uskudar, mota ce kawai za ta hau da ku. An buɗe shi 2019, yana ɗaukar mutum sama da dubu sittin, kuma akwai lifta. Ni har yanzu ina ganin za ku iya fin haka.

Ummu_Hanifa:
Su je su ga yadda ƙafarta ta kwana ran Litinin tukuna. Abban Sadiq, ka duba yanayin garin a watan tafiyar. In lokacin sanyi ne, benci na waje a jirgin ruwan nan sai da rigar sanyi mai kauri da safa, iskar teku ba ta da sauƙi.